Naka Sai Naka: Matsayin Dangi da Unguwa Wajen Kula da Mai Taɓin Hankali



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca da suka ba ni dama in yi magana a kan wani al'amari wanda kusan kowane gida ya san shi, amma ba gidan da ke son a ambace shi a zaurensa. Da zan ce duk wanda ke da ɗan'uwa, ko maƙwabci, ko aboki da hankalinsa ya taɓa gushewa ya ɗaga hannu, na tabbata hannuwa kaɗan za su tashi. Da kuwa zan ce kowa ya rubuta amsarsa a takarda ba tare da sa suna ba, lalle da lissafin ya sake. Wannan kunya ita ce ke sa majiyyaci ya yi shekara guda a ƙuryar ɗaki kafin idon likita ya gan shi, kuma ita nake so mu ajiye a bakin ƙofa na ɗan lokaci, mu tattauna a kan tambayoyi guda biyu. Ta farko, me ya wajaba a kan dangi idan nasu ya sami taɓin hankali? Ta biyu, idan abin ya ɓaci da tsakar dare, ina za a nufa, kuma wa za a kira?

Girman Matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, watau kimanin mutum miliyan 970. Mafi yawan waɗannan ba su ne masu yawo a bola da tsummoki ba. Mutane ne masu fama da baƙin ciki mai tsanani ko fargaba, suna zuwa ofis, suna zuwa aji, suna amsa gaisuwa da lafiya lau. Ciwon da ya fi kama da abin da mu Hausawa muke kira hauka tuburan, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, yana samun kimanin mutum ɗaya ne cikin 300. Har ila yau, hukumar ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara.

A nan ƙasar, wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, ya nuna cewa kimanin mutum 12 cikin ɗari na waɗanda aka bincika sun taɓa yin irin wannan ciwo a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, daga cikin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, kimanin 8 ne kawai cikin ɗari suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙididdigar da ƙungiyarsu take bayarwa a 'yan shekarun nan ba ta kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke.

Idan muka haɗa waɗannan alƙaluma, sakamakon a fili yake. Ko da mun ninka likitocinmu sau goma, mafi yawan sa'o'in da majiyyaci zai yi a duniya a hannun danginsa zai yi su. Uwa ce za ta ba shi tuwo, matarsa ce za ta kwana ba barci, yayansa ne zai nemo kuɗin mota. Saboda haka ilimin kula da shi bai kamata ya tsaya a asibiti ba.

Daga Gidan Mahaukata Zuwa Ƙauyen Aro

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu waiwayi tarihi, domin akwai darasi a cikinsa. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, sa'an nan a Yaba ta Ikko a 1907, suka kuma kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sake wa fasali a 1958. Manufar waɗannan gidaje ita ce tsarewa, watau a kawar da mutum daga idon jama'a. A wurare da yawa ma wani sashe ne na kurkuku ake warewa. Mu ma a namu ɓangaren muna da turu da mari. Hanyoyin biyu sun yi tarayya a abu guda: duka sun ɗauka cewa mai taɓin hankali haɗari ne da za a killace.

A shekarar 1954 wani matashin likita ɗan Abekuta, Thomas Adeoye Lambo, ya komo daga Ingila bayan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa, aka ba shi riƙon asibitin Aro da ke kusa da garinsu. Ya tarar ba a gama ginin ba, ga majiyyata kuma suna zuwa. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya tafi wurin dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba majiyyata masauki a gidajen mutanensu, a riƙa biyan kuɗin haya. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowane majiyyaci ya zo da ɗan'uwansa, ko uwa, ko inna, ko ƙanwa, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti. Da rana a ba da magani a koya sana'a, da yamma majiyyaci ya koma masaukinsa, ya ci abinci da mutanen gari, ya je kasuwa, ya je masallaci ko coci. Ma'aikatan jinya suna nan cikin ƙauyen dare da rana saboda abin da ka iya tasowa. Ƙauyuka huɗu ne suka shiga wannan shiri, su ma kuma suka ci moriyarsa ta fuskar haya da ruwan sha da tsabtar gari. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo waɗansunsu ya yi aiki da su. Sunan Aro ya zaga duniya, shi kansa Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, daga baya kuma mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Ba Lambo kaɗai ya bi wannan tafarki ba. A Sudan, Dakta Tijjani al-Mahi ya buɗe asibitin ƙwaƙwalwa a Khartum ta Arewa a 1949, ya ƙulla zumunci da shehunan addini waɗanda jama'a suka saba kai musu marasa lafiya. A garin Gel na ƙasar Beljiyam kuwa, ɗaruruwan shekaru ke nan mutanen gari suna karɓar masu taɓin hankali suna zama da su a gidajensu. Kuma kada mu manta, babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu ciwon hankali. Musulmin wancan zamani sun ɗauki abin a matsayin ciwo mai neman likita, kamar yadda shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alhakin ayyukansa, ta ɗora wa waliyyinsa nauyin kiyaye shi da dukiyarsa.

Abin da Bincike ya Tabbatar

Wani zai ce, to, tunda dangi su ne ginshiƙi, ai mu ba mu da matsala, don ba mu yar da namu. Sai dai zama da dangi kashi biyu ne, akwai mai warkarwa, akwai mai tayar da ciwo. A 1972 waɗansu masana a London, George Brown da abokan aikinsa, suka bi sawun majiyyatan da aka sallama daga asibiti suka koma gidajensu. Suka tarar cewa a gidajen da ake yawan zargin majiyyaci, ana yi masa gori, ko ana matsa masa da kulawar da ta wuce kima, kimanin 58 cikin ɗari ciwonsu ya komo cikin wata tara. A gidajen da ake zaune da shi cikin natsuwa kuwa, kimanin 16 ne kawai cikin ɗari. Ciwo iri ɗaya ne, amma harshen mutanen gida ya bambanta.

Ku duba wannan da kyau, domin gori abu ne da muka iya. "Kai dai malalaci ne." "Duk kuɗin gidan nan a kanka suka ƙare." "Dubi sa'o'inka." Mai faɗin haka sau da yawa ƙauna ce da gajiya suka haɗu suka sa shi faɗi, amma a kunnen majiyyaci kamar ana zuba gishiri ne a gyambo.

Alamomin da ya Kamata a Lura da Su

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon ƙwaƙwalwa ba kasafai yake faɗowa rana ɗaya ba, yana aiko da 'yan saƙo. Babban ma'auni shi ne sauyin hali. Mu ɗauka ga ɗalibi mai fara'a, mai zuwa lacca kan lokaci. Sai abokan ɗakinsa suka ga ya daina fita, ya daina wanka, abinci sai an matsa masa, barci ya ƙaurace masa, ko kuwa kullum yana kwance. Abin da yake so da, ko ƙwallo ko hira, yanzu bai dame shi ba. Yana cewa shi ba shi da amfani, ya zama kaya ga iyayensa. Idan wannan hali ya wuce mako biyu, to, ya fi ƙarfin a ce gajiyar jarrabawa ce, ciwon baƙin ciki ne, kuma yana da magani. A wurin mutanenmu sau da yawa yakan ɓuya a bayan ciwon jiki: kai yana zafi, wani abu yana yawo a jiki, zuciya tana bugawa, an yi gwaji an rasa komai.

Nau'i na biyu kishiyar wannan ne. Mutum ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, magana ba tsayawa, ya rabar da albashinsa a yini guda, yana shirin manyan ayyukan da suka fi ƙarfinsa, mai hana shi kuwa ya zama abokin gaba. Na uku shi ne wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana zargin an sa masa guba a abinci, ko ana bin sa, ko rediyo da shi take. Na huɗu, mai jego. Mace ɗaya ko biyu cikin kowace dubu da suka haihu hankalinsu kan gushe a makonnin farko, ta ƙi barci, ta ruɗe, ta ƙi jaririnta ko ta riƙa tsoron za a cuce shi. Wannan na gaggawa ne, kada a jira a gama wankan jego. Na biyar, shaye-shaye. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, amma tiramadol da wiwi da sholisho ba su bar unguwanninmu ba, kuma sukan tayar da ciwon da ke kwance.

Akwai abubuwa biyu da nake so a bambance. Farfaɗiya ba hauka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Sa'an nan duk wanda ya ruɗe farat ɗaya, ga zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko bayan ya bugu a ka, ko tsoho ne da bai taɓa yin haka ba, to, a fara zaton ciwon jiki, kamar sanƙarau, ko taifod, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, ko sukarin jini da ya faɗi. Irin wannan asibiti mafi kusa za a kai shi a ranar, domin jinkiri na iya zama ajali.

Zama da Majiyyaci

Abu na farko shi ne sauraro. Mu mutane ne masu saurin cewa "yi haƙuri", kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma idan aka faɗe shi tun mutum bai gama magana ba, ya zama murfin rufe masa baki. A nemi lokacin da ba jama'a, a zauna kusa da shi, a ce, "Na ga kwanan nan ba ka jin daɗi, me ke damunka?" Sa'an nan a yi shiru. A kuma zaɓi wanda ya dace. A al'adarmu ɗan fari ba ya buɗe cikinsa ga mahaifiyarsa, matar aure ba ta faɗa wa surukarta damuwarta. Amma akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai aminin ƙuruciya. Kowane gida ya san wanda majiyyaci ke jin maganarsa.

Na biyu, kada a ce masa raunin imani ne ya jawo masa. Ba mu cewa mai hawan jini rashin tawakkali ne ya kama shi. Malamai masu tsoron Allah ma suna yin wannan ciwo. Wanda ya riga ya ɗauki kansa mai laifi, idan aka ƙara masa da wannan, an ƙara masa dutse ne a ka.

Na uku, kada a yi gardama da mai ruɗu. Idan ya ce ana bin sa, ba za a gaskata shi ba, ba kuma za a ƙaryata shi da dariya ba. Ana iya cewa, "Ni ban ga kowa ba, amma na ga kana cikin tsoro, kuma ina tare da kai."

Na huɗu, magani. Tun 1952 aka sami maganin farko mai kwantar da ruɗu da jin muryoyi, bayansa kuma an sami waɗansu da yawa, kuma da dama daga cikinsu ba su da tsada. Amma dangi su san abu uku. Maganin baƙin ciki yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, ko fiye, kafin a ga amfaninsa, kada a yar da shi a kwana biyar. Waɗansu magungunan kan kawo rawar hannu, ko sanƙarewar wuya, ko dalalar miyau, ko yawan barci, kuma likita na iya rage su ko sauya su idan aka gaya masa. Sa'an nan babban abin da ke komo da ciwo shi ne a daina magani don an ga sauƙi. Likitan da ya ɗora shi ne zai ce a sauke. Wanda ba ya jure haɗiyar ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi sau ɗaya cikin 'yan makonni.

Na biyar, a bar masa matsayinsa a gida. A ci abinci da shi, a yi shawara da shi, a ba shi aikin da zai iya, ko ban ruwan dabbobi ne ko tsaron shago na sa'a biyu. A hana yara tsokanarsa. Kada kuma a yi masa aure a matsayin magani, a ɓoye wa dangin amarya gaskiya, domin wannan zalunci ne ga mutum biyu.

Na shida, mai jinya shi ma mutum ne. Sau da yawa mace ɗaya ake bar wa kayan, har ita ma ta faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba ta hutu.

Daren da Abu ya Ɓaci

Yanzu ga tambaya ta biyu. Gaggawa iri uku ce: mutum na neman hallaka kansa, ko yana neman jin wa wani rauni, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya.

Game da ta farko, akwai kuskuren da ya yaɗu cewa mai faɗa ba ya aikatawa, kuma wai tambayar mutum na iya sa masa tunanin a zuciya. Bincike ya rushe duka biyun. Idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara rabon kayansa, yana neman gafarar mutane ba dalili, to, ka tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Idan ya amsa, kada ka yi masa tsawa ko wa'azin wuta a wannan sa'a. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera, da tarin magunguna, da makami, a kulle. Kada ku raina wannan mataki. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan ƙwari mafiya guba, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekaru ashirin da suka biyo bayan 1995. Dalili kuwa shi ne, wannan niyya takan zo ne kamar guguwa, ta wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Idan ya riga ya sha wani abu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar abin da ya sha a garzaya asibiti.

Game da mai fusata, taron jama'a shi ke ƙara hura wutar. A sallami 'yan kallo. Mutum ɗaya wanda yake girmamawa ya yi magana, da gajerun kalmomi, daga ɗan nesa, ba tare da tare masa ƙofa ba. A fitar da yara. Kada a yi masa ƙarya cewa biki za a je alhali asibiti aka nufa, don gobe ba zai sake yarda da kowa ba. Ba duka, ba sarƙa. Idan ya riƙe makami, rai na cikin haɗari, a nemi taimakon hukuma, akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a kuma bayyana tun farko cewa mara lafiya ne.

Sai ina za a kai shi? Sashen gaggawa na kowane babban asibiti wuri ne na farawa. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato. Shawarata ita ce kada a jira daren. Tun ana zaune lafiya, gidan da ke da majiyyaci ya rubuta takarda guda: sunan maganinsa, lambar katinsa na asibiti, alamomin da kan riga tashin ciwonsa, wanda yake saurara, maƙwabcin da ke da mota, da ɗan kuɗin da aka ajiye don wannan rana. A yi wannan shiri tare da shi majiyyacin lokacin da yake cikin hayyacinsa.

Malam, Boka da Likita

Ba zan yaudare ku ba, mafi yawan mutanenmu wurin malam ko boka suke fara zuwa, domin a fahimtarsu aljanu ne ko sammu. Ba na ganin hikima a yaƙi da wannan, Lambo da al-Mahi ma ba su yi ba. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar majiyyata a wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna ba da magani. Waɗanda suka sami wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ƙwaya aiki. Amma akwai iyaka. Duk wanda zai ɗaure majiyyaci, ko ya yi masa bulala, ko ya hana shi abinci, ko ya ce a zubar da maganin asibiti, to, a ɗauke shi daga hannunsa. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane kimanin 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, kuma yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna zaton gyara ake yi.

Aikin Unguwa da na Hukuma

Tun 1991 Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, amma manufar ta daɗe a takarda. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba yadda za su gane waɗannan cututtuka su yi maganinsu. A Zimbabuwe, daga 2006, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin hakan. Wace unguwa ce a ƙasar Hausa ba ta da irin waɗannan iyaye mata? Sa'an nan a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusu, da haƙƙoƙin majiyyaci.

Ku ma'aikatan hukuma, ta kan teburinku doka ke zama aiki. Mai tsara kasafi ya tambaya ko an sa kuɗin waɗannan magunguna a asibitocin ƙananan hukumomi. Mai shirya horo ya sa ungozoma da mai unguwa da liman da ɗan sanda cikin waɗanda za a koya wa. Shugaban ofis kuwa, idan akawunsa mai ƙwazo ya fara makara yana kuskure, ya kira shi gefe ya tambayi lafiyarsa kafin ya rubuta masa takardar tuhuma, idan ya warke kuma a mayar masa da kujerarsa ba tare da tsegumi ba. Ku kuma ɗalibai, ku ne dangin juna a nan, domin iyayenku suna nesa. Wanda ya ga abokin ɗakinsa ya sauya, ya raka shi asibitin jami'a da ƙafarsa. Idan rai na cikin haɗari, ba cin amana ba ne ka sanar da wanda zai taimaka, ko da ya sa ka rantse.

Jama'a, magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mutanen ƙauyukan Aro ba su da digiri, amma sun buɗe ƙofofinsu ga baƙin da duniya ke gudu, shekara saba'in da suka wuce. Mu da aka ba ilimi da muƙami, abin da ake nema gare mu bai kai nasu wuya ba: mu gane ciwon da wuri, mu tausasa harshe, mu san hanyar asibiti tun kafin dare ya yi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.